Gwangwani Mai Jan Zare

Ranar sunan jikata, ɗan ƙanena ya zo da abokansa biyu, duk sun gama jami'a, duk suna zaman jiran aiki. Ina cikin zuba musu waina na ji ɗaya yana cewa shi fa in abin ya ƙi, ko firamare ce sai ya je ya koyar, kafin Allah Ya kawo aikin kirki. Ɗan ƙanen nawa ya zungure shi da gwiwar hannu, amma ya makara. Ban tanka ba a wurin, don gidan suna ne, kuma yaron ko ɗanɗana wainar bai yi ba tukuna. To amma tunda shekara talatin da biyar na yi ina wannan aikin da ake yi kafin a sami na kirki, ina koyar da lissafi da kimiyya a nan Tudun Wada, ya kamata in faɗa muku irin sauƙinsa, ko wani a cikinku zai buƙata.

Ranar da na fara aiki na zo da takardar shaidata a cikin leda, da sabon mayafi ruwan ƙwai, da darasin da na yi kwana uku ina shiryawa. Aka haɗa ni da Malam Iro, wani dattijo siriri mai zuwa a kan keke, wanda shi ya koyar da iyayen yawancin yaran ajin. Ya ja benci ya zauna can baya. Na rubuta rabi da kwata a allo, na yi bayani tiryan-tiryan yadda aka koya mini, sannan na juyo na tambaye su ko sun gane. Yara saba'in suka haɗa baki suka ce sun gane, har kwanon rufin yana amsawa. Na saci kallon Malam Iro, don in ga ko ya ga abin da ake kira koyarwa.

Sai ya taso, ya miƙa hannu ta taga ya zaro karan dawa, ya karya shi biyu, ɗaya dogo ɗaya gajere. Ya tambayi wanda yake son babban rabin, duk suka ɗaga hannu. Ya ce ashe rabi yana da babba da ƙarami? Suka ce e, da irin muryar da suka ba ni tawa amsar. Da aka tashi tara, yara suka watse wurin masu awara, ya zo ya tsaya kusa da ni yana kaɗe hannu.

"Malama, abin da suka ba ki ɗazu ladabi ne, ba ganewa ba. A gida aka koya musu kada su kunyata babba. In ladabi kike so, ki ci gaba da tambayarsu ko sun gane. In gaskiya kike so, ba su wani abu su riƙe a hannu."

Aikin farko da ya ba ni ma ba koyarwa ba ne, baƙanta allo ne. Allonmu siminti ne a jikin bango, duk wata biyu sai ya koɗe ya koma fari-fari, alli ya daina fitowa. Za ka sami tsofaffin batir ka fasa, ka kwashe baƙin cikinsu, ka daka gawayi ka tankaɗe, ka kwaɓa su da ɗan kamu irin na koko, ka shafa da tsumma ranar Juma'a bayan an tashi. In kamun ya yi yawa, alli ya riƙa santsi, yaran baya ba sa ganin komai. In ya yi kaɗan, baƙin ya bi ka gida a jikin kayanka. Na farkon da na kwaɓa kamun bai ji ba, mayafin nan ruwan ƙwai kuwa daga ranar ya koma na shiga kicin.

Daga nan ya buɗe mini buhunsa. Murafun kwalba ne fal, waɗanda yara ke tsinto masa a gidajen biki, da tsinken tsintsiya a ɗaure goma-goma da roba, da igiya mai ƙulli a kowace mita, da fasasshen madubi da aka naɗe bakinsa da ƙyalle, da mudu da rabin mudu, da maganaɗisun da ya roƙo daga wani mai gyaran rediyo a Kwangila. Ɗauki arba'in da biyu a cire goma sha bakwai. Ku da kuka yi jami'a kafin in rufe baki kun ba da amsa, amma in na ce ku faɗa wa ɗan shekara takwas dalilin da biyu ta koma sha biyu, sai ku fara share zufa. Malam Iro ɗauri huɗu da tsinke biyu yake ajiye wa yaro, ya ce masa ba ni bakwai. Yaro ya dubi biyun nan, ya dubi Malam, ya yi ta mutsu-mutsu. Malam ba zai ce uffan ba. Can sai ka ga hannun yaron ya tafi a hankali ya kwance ɗauri ɗaya, kamar wanda zai yi sata. Wannan jiran shi ne aikin, kuma shi ya fi ba ni wahalar koyo, don ni mai gajen haƙuri ce, sau da yawa hannuna ya riga na yaron isa wurin robar. Duk lokacin da na yi haka sai Malam Iro ya yi mini barka, ya ce madalla, yau Malama ta gane.

Na san za ku ce yanzu akwai waya, a ciki za ku nuna musu komai. Allah Ya taimaka. Ku dai tuna yaran saba'in ne, wayar ɗaya ce, sannan ku tambayi mutanen unguwa yaushe rabonsu da wuta.

Masu cinikinmu na gaskiya kuwa ba yaran ba ne, iyayen ne, kuma su ba a koya maka su a kwaleji. Akwai wani ma'aikacin ofis da ɗansa yake ajina, kullum aikin gidan yaron tsaf, da rubutu mai kyau irin na masu sa hannu a takarda, alhali a aji yaron bakwai ɗinsa ma a juye yake rubuta ta. Wata rana aikin ya zo da kuskure, na ja masa jan biro. Washegari sai ga uban a ƙofar aji, da babbar riga, littafin a hannu. Ya ce in sake dubawa da kyau, don wannan lissafin shi da kansa ya yi shi. Na ce na sani, ranka ya daɗe, ai shi ya sa na rubuta a ƙara ƙoƙari. Wata guda bai amsa gaisuwata ba, amma yaron ya fara zuwa da nasa kuskuren, wanda shi ne nake iya gyarawa.

Iyaye mata nasu daban ne. Da ka ce su taimaki yaro a gida, amsarsu ɗaya, su ba su yi boko ba. Wata mai ɗanwake ta faɗa mini haka tana tsaye tana raba mudun gari kashi uku da ido, tana rage kanwa da kuka daidai da yadda ta rage garin, ko kallon hannunta ba ta yi. Na ce mata abin da take yi ɗin nan shi ne abin da 'yarta ta faɗi a jarrabawa. Ta yi dariya ta ce kada in yi mata ba'a a gidanta. Daga lokacin na canza irin aikin gidan da nake bayarwa. Sai in ce a auna kofi nawa ke cika bokitin gidan, ko taku nawa ne daga zaure zuwa masallaci, na yaro da na babansa, a zo a faɗa mini dalilin da suka bambanta. Ko in ce a kafa tsinke a tsakar gida a auna inuwarsa da safe, da azahar, da la'asar. Aiki ne da kaka ma za ta iya sa baki, kuma suna sawa. Da yake ni mace ce ina shiga har cikin ɗaka, inda Malam Iro sai dai ya tsaya a zaure a aiko masa da ruwa. Bayan la'asar nakan zaga gidaje biyu ko uku. Har alfahari nake yi a ɗakin malamai cewa ni na haɗa makaranta da gida, kuma babu wanda ya musa mini, don babu wanda yake son ya bi ni zagayen.

Shekarar da ta fi kowace ba ni wuya da alheri ta fara. Aka kawo mana akwatin kayan kimiyya, babba, mai kwalabe da ma'aunai da gilashin ƙara girman abu. Aka yi taro, aka ɗauki hoto, sabon hedimastanmu ya karɓi makulli ya jefa a aljihu. A shekarar kuma aka turo mana matasa masu digiri, cikinsu har da wani Malam Nura da ya karanci kimiyya, yaro mai ladabi, sai dai ba a sama masa aji ba. Ni kuma sakamakon ajina na bara bai yi kyau ba, don iska ta yaye rufinmu, muka yi zango guda a gindin darbejiya a bakin titi, ina magana 'yan acaɓa suna amsa mini. Hedimasta ya kira ni ofis ya ce sufeto zai zo nan da mako uku ya ga yadda ake koyar da kimiyya a aikace. In bai gamsu ba, aji biyar zai koma hannun Malam Nura, ni kuma in koma kula da sito, in riƙa raba alli da tsintsiya. Shekarata ashirin a aiki a lokacin, kuma aji biyar shi ne abin da na iya. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na ce to, a ba ni makullin akwati. Ya dube ni kamar na roƙi motarsa. Ya ce sufeton ai har akwatin zai duba, in aka tarar da kwalba ɗaya a fashe wa zai amsa? Haka kayan koyarwa suka ci gaba da zama a kulle, don a zo a ga muna da kayan koyarwa.

Na koma wa abin da na sani. Na bi masu shayin unguwa na tattaro gwangwanayen madara, na ɗebo wake a kicin ɗina, na karɓo guntayen zare wurin tela. Kowane yaro gwangwani uku, a huda ƙasansu da ƙusa, a zuba ƙasa, a shuka wake, a yi ta ban ruwa har su tsiro su yi ganye. Daga nan mai farin zare a bar shi a rana ana ba shi ruwa. Mai baƙin zare a ci gaba da ba shi ruwa, amma a tura shi ƙarƙashin gado inda babu haske. Mai jan zare kuwa a bar shi a rana, a daina ba shi ruwa ko ɗigo. Bayan kwana goma yaro zai ga da idonsa abin da shuka take buƙata. Bazara ce, ana zafin da ke sa kwalta laushi, babu fargabar ruwan sama ya ɓata mini aiki. Matsalar kawai ajinmu ba shi da ƙofa, katangar makaranta kuma ta zube ta gabas, awakin unguwa sun fi wasu malaman zuwa a kan lokaci. Shi ya sa na ce kowa ya kai nasa gida. Ban tambaye su ko sun gane ba. Sai da kowane yaro ya ɗaga gwangwani ya faɗa mini da bakinsa abin da zai yi da shi. Yaran duk sun gane. Abin da na manta shi ne a gidajen akwai manya.

An so a farkar da ni, ni ce ban farka ba. Ana saura mako guda wani mai sayar da turare ya zo makaranta da gwangwanin ɗansa mai baƙin zare, ya ƙulle shi a leda biyu, yana riƙe da shi nesa da jikinsa. Matarsa ce ta gano shi tana shara. Kafin ya zo wurina har ya biya wurin malamin unguwarsu an tofe abin. Ya tambaye ni cikin nutsuwa ko akwai wanda ya saɓa mini a gidansa. Na yi masa bayanin haske da duhu, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce to ya ji, amma in don duhu ne, me ya kawo baƙin zare, kuma me ya sa sai ƙarƙashin gadon mutane? Gaskiya da shuɗi na ɗaura da ya wadatar. Na ɗauka gida ɗaya ne. Da na zaga a makon nan da na ga abin da ake ciki, amma duk la'asar muna makaranta muna shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa saboda baƙo.

Ana gobe sufeto zai zo na ce kowa ya kawo nasa. Suka jera su a baranda, gwangwani wajen ɗari biyu, na fito na tsaya ina kallon gona. Kore shar daga wannan bango zuwa wancan. Masu baƙin zare, da ya kamata su fito a ɗashe, sun fi ni lafiya, don tuni aka fito da su rana. Masu jan zare, da ya kamata su bushe, su suka fi kowa ƙiba, don su aka fi tausaya wa. Wani an zuba masa kashin awaki. Wani ma an ga gwangwanin ya yi masa kaɗan, an mayar da shi tsohon bokiti, an kafa masa sanda ya hau, amma an kula an mayar da jan zaren a hannun bokitin. In da za a bi sakamakon ajina, da manoman Zazzau sun huta da jiran damina.

Na tambayi wanda ya zuba ruwa. Na ɗauko bulala na ajiye a tebur, ba don in daka ba, don ta taya ni tambaya. Can wani Sani ya ce shi wallahi bai zuba ba, kakarsa ce. Shi ke nan bakin kowa ya buɗe. Wannan ya ce Inna ce, wancan ya ce Baba ne in ya yi alwala yake juye ragowar butar, wata ta ce ta ɓoye nata a bayan ɗaki amma Gwaggo ta bi shi har can.

Muna cikin haka Zulai ta shigo, a makare kamar yadda ta saba. Yarinya ce 'yar shekara goma sha ɗaya, mai zama a bencin baya, ba ta cikin masu ƙoƙari, ba ta cikin masu fitina, irin yaran da sai ka duba rajista kake tuna sunansu. Ta ajiye faranti mai gwangwanayenta uku a ƙarshen layi ta rusuna tana jiran faɗan makara. Na duba farantin. Mai farin zare kore, a miƙe. Mai baƙin zare ya yi tsawo siriri, rawaya, ya langaɓe gefe yana neman haske. Mai jan zare ya bushe ƙayau, ganyen ya nannaɗe, ƙasar ta tsattsage. Ko zanen da ke cikin littafi bai kai shi kyau ba. Ban taɓa murnar ganin mataccen abu irin ta ranar ba. Hedimasta ya zo ya duba, nan take ya ce a kwashe sauran a kai sito a kulle tare da akwatin, a bar na Zulai a kan tebur.

Duk da haka haushi bai bar ni ba. Bayan la'asar na tafi gidan su Sani, na sami kakar tasa, Inna Laraba, tana tsince shinkafa a gindin randa. Muka gaisa, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan na kawo ƙarata. Ta ajiye faifan.

"Ke Malama, ki ji tsoron Allah mana. Abu mai rai, a wannan zafin, ki ce a zuba masa ido yana mutuwa? A gaban randata? In an tambaye ni ranar gobe in ce me, in ce Malama ce ta ce?"

Na ce Inna, ai so nake yaron ya gani da idonsa cewa shuka ba ta rayuwa sai da ruwa. Ta dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda karatu ya yi wa yawa.

"Au, wai sai ya kashe sannan zai sani? To ai da ni ya tambaya da na faɗa masa."

Ta sa aka dama mini fura, ta raka ni har zaure, ta ce in riƙa hutawa.

Washegari sufeto ya zo, mutum mai jiki, da jaka da alƙaluma uku a aljihu. Ya tsaya a kan gwangwanayen nan uku ya daɗe yana gyaɗa kai. Ya tambayi na sauran yaran, hedimasta ya yi caraf ya ce wannan samfuri ne aka zaɓo. Aka kira Zulai. Ta fito tana murza bakin hijabinta, ta nuna kowane gwangwani ta faɗi abin da ta yi masa da abin da ya same shi, a hankali, ba tare da ta haddace komai ba. Ya juya ya tambayi ajin abin da shuka take buƙata, suka amsa daidai, don su ma sun ga na Zulai kusa da nasu jiya, kuma sun san wanda ya zuba ruwan. Sai ya gyara tsayuwa ya yi mana jawabi. Ya ce wannan shi ne abin da ake nema, haɗin kai tsakanin makaranta da gida. Ya ce da ganin aikin nan ka san akwai uwa tsayayya a bayansa, wadda ta san darajar ilimi, ta bi umarnin malama ba ƙari ba ragi. Ya umarce ni in je da ƙafata in isar mata da godiyar ofis. Daga nan ya leƙa akwati ya tarar ko ledar kwalaben ba a cire ba, ya yaba da yadda muke adana kaya, ya yi kamar bai ga gonar da ke bayan ƙofar siton ba. Kafin ya shiga mota hedimasta ya raɗa mini cewa aji biyar yana nan a hannuna. Na ji daɗi har cikin raina, ba zan ɓoye muku ba.

Ranar Asabar na sayi sabulu sinƙi ɗaya na tafi kai saƙo. Sai da na fito titi na lura ban san gidan ba. Gidajen masu fitina na sani, don ina kai ƙara, na masu ƙoƙari ma na sani, don ana ba ni abinci. Da tambaya na isa, wani lungu ne ta wajen Gyallesu, gidan haya mai ɗakuna a jere. Na tarar da Zulai a bakin murhu tana tuƙa tuwo, da yarinya ƙarama goye a bayanta, wani ƙanen yana riƙe da zaninta. Tana ganina muciyar ta tsaya a hannunta. Na ce ina Mama? Ta nuna ɗakin ƙarshe, wanda aka ɗage labulensa aka rataye a ƙusa.

Uwar tana kwance a gadon da aka jawo daf da ƙofa, yadda za ta riƙa ganin tsakar gida. Ta yi yunƙurin tashi da gwiwar hannu, na ce ta yi kwanciyarta. A cikin gaisuwa na ji cewa tun haihuwarta ta bayan nan ƙafafunta suka daina ɗaukarta, shekara ɗaya da rabi ke nan, maigidan kuma direban babbar mota ne, sai ya yi makonni bai kwana a gari ba. Zulai ke ɗebo ruwa, ta yi wa ƙannenta wanka, ta ɗora abinci, ta gyara uwar, sannan ta taho makaranta in yi mata faɗan makara. Zango biyu yarinyar tana gabana. Kunya ta kama ni, na rasa inda zan ajiye sabulun.

Na buɗe baki zan fara isar da saƙo, ta riga ni.

"Malama, na san abin da ya kawo ki. Don Allah kada ki rage mata maki. Na yaran maƙwabta duk na ga an fita da su kore, nata ne kaɗai ya mutu. Na yi ta yi mata magana ta zuba masa ko kofi ɗaya, ta ƙi, wai aikin makaranta ne." Ta nuna mini wani wuri a bakin ƙofa, taku uku daga gadon, inda gwangwanin ya bar zagayen tsatsa a kan siminti. "A nan ta ajiye shi. Kullum ina kwance ina kallonsa yana yanƙwanewa. Wallahi da ina iya tashi da na zuba masa."

Na ce mata ba zan rage ba. Ta yi ta sa mini albarka. Na tura sabulun ƙarƙashin matashinta, na fita na karɓi muciyar daga hannun Zulai na ƙarasa tuƙin, don tuwon ya fara kamawa. Godiyar ofis kuwa ban isar ba, da ita na koma gida.